Kawu da Koriyar Motar Birmingham

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya ranar wata Talata, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba.

Washegarin jana'iza, da hantsi, layinmu na unguwar Longsight, a Manchester, ya cika da motocin da ba a saba gani ba. Tsofaffin motocin tsere ne masu kujera biyu, gajeru, cikinsu kamar zai taɓa kwalta. Tsofaffin Turawa suka riƙa fitowa daga ciki da ƙyar, suna dafe da gwiwa, huluna a hannu. Matan da ke zaman makoki a falo suka taru a bakin taga.

"Su wa ke nan kuma?" in ji maƙwabciyarmu ta hannun dama. "Ko mutanen council ne?"

"Council da irin waɗannan motoci?" in ji wata. "Ke dai ki ce gidan suka zo leƙawa."

Ɗan Kawu, wanda aka haifa a nan, ya leƙo ya ce da karkatacciyar Hausarsa, "Customers ɗin Daddy ne, Anti. Gaisuwa suka zo." Ba wadda ta yarda. Turawan suka cire takalma ba tare da an ce su cire ba, suka jeru a zaure. Ɗaya daga cikinsu, dogo mai farin gashin baki, ya buɗe baki zai yi magana, sai kuka ya ƙwace masa. Maƙwabciyar ta dube shi sama da ƙasa, ta raɗa mini, "Wannan kukan na mota ne. Tunanin wanda zai gyara masa yake yi."

Bayan azahar sai ga Baba na Kumasi. Haka muke kiransa tun ina sabuwar zuwa: aminin Kawu ne, abokin aikinsa na shekara ashirin da ɗoriya, Bahaushen zangon Kumasi. Ya shigo da katan ɗin ruwa a kafaɗa, ya ajiye, ya yi sallama, ya zauna a matakalar bene ta ƙasa. Sai raɗa ta fara zagayawa.

"Lallai mutumin nan ba kunya a idonsa."

"Bayan abin da ya yi wa marigayi?"

"Ku dai sa ido kan makullin garejin."

Inna, matar Kawu, ta tashi ta haɗa masa shayi da hannunta. Ni kuwa ina kicin, na kasa fitowa. Duk gidan nan ni kaɗai na san cewa mutumin da ke zaune a matakalar nan bai taɓa yi wa Kawu komai ba. Saboda haka nake wannan rubutu. Ina so a tuna da Kawu, kuma ina so a tuna da shi dukansa.

Kawu a Kaduna ya koyi kanikanci, ya zo ƙasar nan tun kafin a haife ni. Garejinsa yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, in jirgi ya wuce sai sifanu su riƙa rawa a jikin bango. Ni kuma na zo karatu jami'ar Salford, na sauka a gidansa. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Ban taɓa ganin mutum mai zargi irinsa ba. In aka ba shi labari, ko na haihuwa ne, sai ya ce, "Wa ya gani?" In ya sayo nama sai ya sake aunawa a gida. In wasiƙa ta zo sai ya ɗaga ta sama ya duba a haske kafin ya buɗe. In ka yaba masa sai ya yi shiru, yana jiran abin da za ka roƙa. Inna takan ce shekara talatin tana dafa masa miya, har yau sai ya shinshina cokalin farko.

Wannan halin ne kuma ya ɗaukaka shi a sana'a. Akwai Turawa masu son tsofaffin motocin tseren nan, amma ba sa barin su yadda aka ƙera su. Sai su cire injin na asali su cusa babba. Mota ta yi gudu kwana biyu, ranar da aka shiga cunkoso sai ruwa ya tafasa, tururi ya turnuƙe daga bonet. Daga nan sai a yi ta yawo gareji-gareji, har wani ya ce musu akwai wani tsoho ƙarƙashin gada a Manchester.

"Sun sa zuciyar doki a ƙirjin akuya," haka yakan ce, "sannan su zo suna tambayata me ya sa take haki."

In aka kawo mota, ba ya fara buɗe bonet. Mai motar yake fara yi wa tambayoyi kamar ɗan sanda. Yaushe ta fara? A tsaye take zafi ko a guje? Wa ya taɓa ta kafin ni? In mutum ya ce ba kowa, sai Kawu ya sunkuya ya nuna masa kan noti da sifanar wani ta cinye. "Mai mota ƙarya yake yi, Uwata," ya taɓa ce mini. "Ba don mugunta ba. Kunya yake ji."

Allurar da ke nuna zafin inji ma bai yarda da ita ba. Sai ya dafa tiyon sama, ya dafa na ƙasa, ya bi lagireto da bayan hannu yana neman inda ya yi sanyi, don nan ne ya toshe. Yakan ɗaga gaban mota sama ya bar inji yana aiki, har iskar da ta maƙale a hanyar ruwa ta fita. Yakan yanka farantin alminiyam ya kewaye fanka da shi, don kada iska ta zille ta gefe. In zafi ba shi da hanyar fita, sai ya tsaga ƙananan tagogi a bonet, mai mota yana kallo kamar ana yanka masa ɗa. A ƙarshe kuma sai ya yagi gefen jarida ya riƙe a gaban mota, ya kunna fanka. In takardar ta manne, iska na shiga. Duk aikin da wani ya yi, sai ya gwada shi da wannan takardar.

Baba na Kumasi shi ne hannunsa na biyu. Kawu ya gano ciwo, Baba ya kwance ya ɗaura, sannan ya fita da mota gwaji. Kullum cikin musu suke, kan Hausar wa ta fi, kan waken wa ya fi daɗi. Kawu ya ce masa Ɗan Gwanja, shi kuma ya ce masa Alƙali. Kwano ɗaya suke ci.

Zargin Kawu ya taɓa ceton raina, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Shekarata ta biyu a uni na kama hayar flat tare da wata ƙawata. Muka yi sati muna fama da ciwon kai, muna cewa karatu ne. Kawu ya zo ganin wurin wata Asabar da safe. Bai ko zauna ba ya wuce kicin, ya tsaya gaban boiler, tukunyar gas mai ɗumama gida, yana kallon wutarta.

"Yaushe aka duba wannan?"

"Landlord ya ce sabuwa ce, Kawu."

"Wa ya gani?"

Ya kashe ta, ya buɗe tagogi duk da sanyin da ake yi, ya ce mu kwashe kayanmu. Na yi ta ƙunƙuni a mota, ina ganin ya kunyata ni gaban ƙawata. Da mai duba gas ya zo ranar Litinin, ya ce hayaƙi mai guba take fitarwa, kuma mu gode wa wanda ya kashe ta. Kawu bai taɓa tuna mini da wannan ba ko sau ɗaya.

Shekara huɗu ke nan da aka kawo wata koriyar mota daga Birmingham. Ta wata tsohuwar likita ce, Baturiya, da ke zaune a unguwar Edgbaston. Mijinta ne ya sa wa motar babban inji, ya mutu bai ga ta daina zafi ba, ita kuma ta ƙudurta sai ta tuƙa ta zuwa bakin teku inda suka saba zuwa. Kawu ya ɗauki aikin da muhimmanci. Aka sa sabon lagireto, Baba ya ɗaura sabon famfon ruwa, sannan aka kira shi cewa an kwantar da matarsa a asibiti. Ya tafi. Kawu ya ƙarasa sauran shi kaɗai: ya ɗaura fanka mai aiki da lantarki, ya haɗa wayoyinta, ya ba da mota.

Ba ta kai gida ba. Ana dab da shiga Birmingham ruwa ya tafasa, inji ya ƙone gasket, ya mutu. Mai janwen da ya ɗauko ta ya gaya wa Kawu a waya cewa shi dai a ganinsa famfon ruwa ne.

Ranar Juma'a ce. Lokacin na riga na yi aure, mijina yana masallacin, shi ya ba ni labari. An idar da salla, mutane na neman takalma, Kawu ya tare Baba a bakin ƙofa.

"Ina famfon da na ba ka?"

"Yana jikin mota, Alƙali."

"Na asali na ba ka. Wanne ka ɗaura?"

"Me kake nufi?"

"Nufina ka sani. Ka ɗaura jabu, ka ɓoye mai kyau. Tun yaushe kake yi mini haka?"

Mijina ya ce Baba ya daɗe yana kallonsa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Daga baya ya ce, "Allah Ya isar mana, ni da kai." Da la'asar ya je ya ɗauki akwatin kayan aikinsa.

Washegari Kawu ya buga mini waya. "Uwata, za ki kai ni Birmingham." Na yi mamaki, don bai taɓa yarda wani ya tuƙa shi ba. Ya ce gwiwa ce ke damunsa. Duk tsawon motorway yana ta jan carbi.

Likitar ta karɓe mu da mutunci. Motar na tsaye a farfajiyar gidanta, ƙarƙashin wata babbar bishiya. Kawu ya sa rigar aiki ya kwance famfon. Ya juya shi, ya shafa fukafukansa, ya kawo shi dab da fuskarsa, ya miƙo mini.

"Karanta mini lambar da ke jiki."

Na karanta. Ya ciro kwalin da ya zo da shi daga gareji, ya ce in karanta ta jikinsa. Iri ɗaya ce. Famfon na asali ne, lafiyarsa lau.

Ya tsaya riƙe da shi kamar an ba shi garwashi. Sai ya ajiye, ya zagaya ya murɗa makulli, ya danna maɓallin fanka. Ina tsaye a gaban motar. Fanka ta ɗauka, sai gefen mayafina ya tashi ya yo baya, iska na bugun ƙafafuna.

"Kawu," na ce, ban ma san me nake faɗa ba, "ai waje take hurowa."

Ya kashe. Ya dawo gaba a hankali, ya durƙusa, ya laluba ya kamo wayoyi biyu.

"Wannan wace kala ce?"

"Shuɗiya."

"Wannan fa?"

"Baƙa."

Ya sake su. A juye ya haɗa su. Maimakon fanka ta jawo iska ciki, turo ta waje take yi, tana kokawa da iskar hanya. Da ya yi gwajin takardarsa da ya gane nan take. Amma aikin wasu yake gwadawa. Bai taɓa gwada nasa ba.

Sai a lokacin abubuwa suka haɗu a kaina: yadda ya daina karanta wasiƙu ya ce ɗansa ya karanta don Turancinsa ya fi, yadda ya riƙa zuba shayi a gefen kofi, da gwiwar nan da ta hana shi tuƙi. Likitar ma ta gani. Ta tambaye shi a hankali tun yaushe idanun suka fara, kuma ko ya je wurin GP, likitan unguwarsu. Kawu ya miƙe, ya cire hularsa, ya gaya mata gaskiya ba kwana-kwana: laifinsa ne, hannunsa ne, zai gyara injin ya dawo mata da shi. Na ji alfahari da shi a wannan lokacin, har na ji ƙwalla.

Mun wuce rabin hanyar komawa sai ya kira ni.

"Uwata."

"Na'am, Kawu."

"Abin da kika gani ya tsaya a can."

"To Baba fa?"

"Ni zan san yadda zan yi da shi."

"Kawu, gaban jama'a ka faɗa."

"Na ce zan san yadda zan yi. In aka ji ba na gani, wa zai sake kawo mini mota? Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Na ce a raina sati ɗaya ne, ko biyu, zai je ya same shi.

Bai je ba. Ya gyara koriyar motar, ni na riƙa zuwa bayan na tashi daga shift a wurin aiki, ina karanta masa lambobi da kalolin waya. Likitar ta kai ta bakin tekunta, ta aiko da hoto. Kafin shekara ta zagayo ya rufe gareji, ya ce gwiwa. Ciwon suga ne ya ci idon, kuma ko da ya yarda aka duba, an makara.

Shi kuwa Baba, maganar ta bi shi. Garejin da ya nema aka ce ba gurbi. Ya koma facin taya a wani shago a hanyar Stockport, yana mutum mai shekara sittin da wani abu. A masallaci aka karɓe makullin sito daga hannunsa, aka ce za a yi sabon tsari. In muka haɗu a kasuwa sai ya ce, "'Yata, ya jikin Kawunki?" Ni kuma in amsa ina kallon tumatir.

Sau uku na tayar wa Kawu da maganar. Na farko ya ce ba yanzu ba. Na biyu ya ce wa ya aiko ni. Na uku yana asibiti, ya kama hannuna ya ce, "Kina ganin zai zo in na kira shi? Ko zai zo ne ya yi mini dariya?" Na ce zai zo. Ya juya fuska bango ya ce bari ya ɗan ji sauƙi tukuna. Bai ji sauƙin ba.

Bayan addu'ar bakwai na shiga bas na tafi shagon tayar. Ana yayyafi. Na same shi yana cin abincin rana a kan wata tsohuwar taya. Ya share mini kujera. Na gaya masa komai, tun daga famfon har alkawarin da na yi a mota. Ina magana ina kuka, shi kuwa yana ninke takardar da ya ci burodi a ciki.

"Fanka ce ke nan," ya ce. "Na yi tsammanin ko tiyo ne."

"Baba, ka ji abin da na ce? Ba ya gani."

"Na sani, 'yata. Na riga ki sani da shekara guda."

Na ɗago na dube shi.

"Kullum in ya tafi salla sai in bi bayan aikinsa," ya ce. "In ga noti a kwance in ɗaure, in ga waya a juye in mayar. Bai sani ba. Ko kuma ya sani, wa ya san cikin Alƙali? Wannan satin ne kawai ba na nan."

"To me ya hana ka faɗa a bakin masallaci?"

"In ce me? In ce makaho ne, gaban mutanen da ke kawo masa mota? Ni in an kore ni zan iya facin taya. Shi in aka karɓe sifana a hannunsa me zai yi?" Ya jefa takardar a kwandon shara. "Na ɗauka zai huce ya zo. Kowace Juma'a sai in tsaya a bakin ƙofa ina ɗaura takalmi a hankali."

Na ce masa zan rubuta, kuma zan ba mijina ya karanta wa mutanen masallaci. Ya ce, "In za ki rubuta, ki rubuta cewa duk ƙasar nan ba wanda ya san zafin inji kamarsa. Shekara ashirin, mota ɗaya ce ta fita daga hannunmu ta tafasa. Kada ki bar wannan."

Ban bari ba, ga shi na rubuta. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka masa kabarinsa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa alherin da ya yi mana ya rinjayi wannan guda ɗaya.

Da na tashi tafiya na tsaya a bakin shagon, na ce, "Baba, ka yafe?"

Wata mota ta shigo da taya a sace. Ya miƙe, ya ɗauki jak.

"Na yafe wa mamaci tun ranar da na ji," ya ce. "Ki gaida maigidanki."

Na tsaya ina jiran sauran. Ya durƙusa ya fara kwance noti.